Wasa a ɗakin lakca: koyarwa ce ko ɓata lokacin ɗalibai?

Malam_Tattali:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai da ɗalibai da iyaye.

Ina koyar da tattalin arziki ga 'yan aji biyu a wata babbar makaranta a nan Bauchi. Shekara huɗu ke nan ina zana musu layin buƙata da layin wadata a allo, in nuna inda suka haɗu in ce nan farashi yake tsayawa. Su kwafa, su haddace, su zano mini shi a jarrabawa. Amma ka tare ɗayansu ka tambaye shi me ya sa tumatir yake araha a kasuwar Muda Lawal in na rani ya shigo, ya yi tsada da damina, sai ka tarar bai san wannan tambayar da zanen allo abu ɗaya ba ne.

Bana sai na yanka kwali na yi katuna sittin. Talatin masu sayar da masara, kowa an rubuta masa abin da mudu ya tsaya masa, daga naira 600 zuwa 1,400. Talatin masu saye, kowa da iyakar abin da zai iya biya, daga 800 zuwa 1,600. Ba mai nuna wa wani katinsa. Na ce ga kasuwa nan, minti biyar. Sauran ajin suna rubuta duk cinikin da ya faɗa. Zagayen farko farashi ya warwatse, wani 800, wani 1,400. Kafin zagaye na huɗu kusan kowa yana kewayen 1,100, alhali ban ce wa kowa komai ba. Daga nan na ce ni ne hukuma, na ƙayyade mudu a 900. Masu sayarwa da yawa suka koma suka zauna, masu saye suka yi cincirindo a kan 'yan kaɗan da suka rage, har na kama biyu a bayan aji suna ƙulla ciniki a ɓoye a kan 1,200. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe haka layin mai yake samuwa."

Wallahi na ji daɗin ranar. To amma wani babba a wurinmu, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya wuce ya ji hayaniya. Ya kira ni gefe ya ce nan ba firamare ba ce, kuma awa biyun da na kashe ta isa in gama babi guda. Maganarsa ta biyu gaskiya ce, yanzu haka ina baya da mako ɗaya. Shi ne nake tambaya: wasa yana da gurbi a karatun gaba da sakandare, ko ni ne na ruɗi kaina?

Dan_Yalwa92:
Wa alaikumus salam Malam. Da haka aka koya mana da ban maimaita wannan kwas ɗin ba. Ka ci gaba, Allah ya ƙara basira.

Dattijon_Kobi:
Ɗana, ni ina tare da babban naku, kuma ba don tsufa ya haɗa mu ba. Na yi shekara talatin da biyu ina riƙe alli. Abin da na gani shi ne yaro yana tuna ranar da aka yi dariya, amma ba lallai ya tuna abin da aka yi dariyar dominsa ba. Ka bari sai ƙarshen zango ka tambaye su, za su ce maka "ranar da muka yi kasuwa". Ka ce to me kasuwar ta nuna, a nan za ka san ko an koya ko an yi nishaɗi. Karatu yana da ɗaci, kuma wanda ya kai jami'a ya kamata ya iya zama da littafi awa uku ba tare da an lallashe shi ba.

Hauwa_Kididdiga:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in ƙara wa Malam ƙarfin gwiwa da tarihi kaɗan, don abin da ya yi ba sabon abu ba ne. Edward Chamberlin, wani malamin tattalin arziki, ya riƙa yin irin wannan kasuwar katin da ɗalibansa a jami'ar Harvard ta Amurka, ya buga sakamakon a 1948. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a ajinsa, Vernon Smith, ya gyara tsarin ya ci gaba da shi a jami'ar Purdue a tsakiyar shekarun 1950, ya ga farashi yana komawa inda lissafi ya ce zai tsaya ko da 'yan kasuwar kaɗan ne kuma ba wanda ya san katin wani. A kan wannan layin aikin aka ba shi kyautar Nobel a 2002. Abin da ya fara a matsayin wasan aji shi ya zama reshen ilimi mai zaman kansa.

Sannan a 2014 an tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci na jami'o'i. Inda lakca ce zalla, wajen kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da hannu da baki a cikin aji, wajen kashi 22.

Injiniya_Sabo:
Malama Hauwa, gyara kaɗan. Wancan binciken na 2014 ba a kan wasa yake ba. A kan duk wata hanya ce da ɗalibi yake yin wani abu a aji ban da saurare: warware matsala a rukuni, tattaunawa, amsa tambaya nan take. Wasa ɗaya ne kawai daga ciki. Kada mu ɗauki hujjar gari guda mu ba gida ɗaya.

Hauwa_Kididdiga:
Gaskiyarka Injiniya, na karɓi gyara. Abin da yake nunawa shi ne zama shiru awa biyu yana da nasa farashin, ba wai kowane wasa alheri ne ba.

Ummi_Aji3:
Ni ɗaliba ce, ku yi haƙuri in faɗi ta ɓangarenmu. Wani malaminmu ya taɓa kawo mana Kahoot, wannan da tambaya take fitowa a majigi kowa ya danna amsa a wayarsa. Ranar farko daɗi kamar me. Amma cikinmu akwai masu ƙaramar waya, akwai wanda ba data, akwai wanda cajinsa ya mutu tun safe don unguwarsu kwana biyu ba wuta. Kuma makin yana bin sauri ne, wanda sabis ɗinsa ya fi ƙarfi shi ke hawa sama ko da ba shi ya fi sani ba. Mako na uku aka ɗauke wuta ana tsaka da yi, shi ke nan ba a ƙara ba.

Babban abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A yi wasa a aji, a ce mu yi tunani, mu kawo ra'ayi. Ranar jarrabawa kuma tambayar ita ce kawo ma'anar kaza, lissafo abu biyar. To wanda ya haddace takardar malam shi ke cin maki. Mu ɗalibai inda makin yake nan muke kallo, ba don ba ma son ilimi ba, don sakamako shi za mu kai gida.

Malam_Tattali:
Ummi, kin taɓo inda yake mini ciwo. Na duba tambayoyin da na shirya wa gwajin wannan zangon bayan na karanta saƙonki, duk irin waɗanda kika faɗa ne. Zan sake su.

Injiniya_Sabo:
Maganar waya da wuta tana da magani mai araha. Kahoot a Norway aka yi shi, ya fito a 2013, an gina shi ne don inda intanet ba ya yankewa. Mu a nan takarda ta ishe mu. Kowane ɗalibi ya naɗe farar takarda gida huɗu ya rubuta A, B, C, D manya. Ka jefa tambaya, kowa ya ɗaga amsarsa lokaci ɗaya. In ka ga ajin ya rabu biyu, kada ka faɗi amsa, ka ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, minti biyu, a sake ɗagawa. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, shi ya shahara da wannan tun farkon shekarun 1990. Ina yin sa da aji mai mutum sama da ɗari biyu, ba majigi ba janareta.

Amma wasan da ya fi zauna mini shi ne na sarƙar kaya. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1960. Su da akwatunan giya suke yi, ni na mayar da shi buhunan taki. Mutum huɗu a jere: mai shago a ƙauye, ɗan sari, babban dila, kamfani. Ba mai magana da wani, takardar oda kawai ake miƙawa, kuma kaya ba sa isowa sai bayan jinkirin makonni. Ajiye buhu a sito yana da kuɗi, rasa kaya lokacin da aka nema tararsa ninki biyu ce. Manoma suna sayen buhu huɗu a mako, sai su koma takwas, su tsaya a takwas har ƙarshe. Canji ɗaya tak. Amma ku zo ku ga abin da ke faruwa a sama. Mai shago ya ga kaya sun yanke ya yi odar goma sha biyu, ba su iso ba ya yi ta ashirin. Ɗan sari ya firgita ya ninka. Kafin abin ya kai kamfani ana neman buhu sittin a mako. Daga baya kayan duk su sauko lokaci ɗaya, sito ya cika, oda ta koma sifili. Kamar bulala ce, hannu ya ɗan motsa, bakinta ya yi tsalle.

Abin da nake jira kullum shi ne ƙarshe. Ina tambayar masu kamfani su zana yadda suke zaton manoma suka riƙa saye. Duk sai su zana tudu da kwari. In na buɗe musu katunan sayen manoma suka ga huɗu ne sai takwas, ajin yakan yi tsit. Kowa ya gama zargin na kusa da shi, ashe tsarin ne da jinkirin da ke cikinsa. Na yi shekaru ina faɗin wannan da baki ba ya shiga.

Manomi_Dan_Soro:
Injiniya wannan ai ba wasa ba ne, rayuwarmu ce. Duk shekara haka muke gani, lokacin da shuka take neman taki babu shi ko ya yi tsada, in an kusa girbi sai ka gan shi jibge a shaguna. Ni dai ina ganin akwai masu ɓoyewa da gangan.

Injiniya_Sabo:
Akwai masu ɓoyewa, Alhaji, ban musa ba. Abin da wasan yake nunawa shi ne ko da kowa mutumin kirki ne, in ba a musayar labari kuma kaya suna jinkiri, hakan za ta faru. In aka ƙara da masu ɓoyewa sai abin ya yi muni.

Abu_Sadiq_Gombe:
Mu ma a Tudun Hatsi muna ganin irinsa a masara da wake. Jita-jita ɗaya ta motocin Kudu sun taho ta isa ta ɗaga buhu kafin la'asar.

Ustaz_Bakaro:
Jama'a kun tafi kasuwa kun bar Malam da tambayarsa. Bari in ce wani abu ta fuskar addini, don na san akwai masu jin kalmar wasa su ɗaure fuska.

Koyarwa ta hanyar jefa tambaya mai kama da kacici-kacici tana da asali. A Sahihul Bukhari, cikin Kitabul Ilmi, Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma ita ce misalin Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Ɗan Umar ya ce ya faɗo masa a rai dabino ce, amma kunya ta hana shi magana saboda ƙuruciyarsa. Sai da suka gaza sannan aka ba su amsa. Imamu Bukhari ya sa wa wannan babi na musamman a kan malami ya jefa wa almajiransa mas'ala don ya gwada abin da ke wurinsu. Ku duba, ba a ba su amsar da farko ba, an bar su sun yi ta lalube. Musabaƙar Alƙur'ani da muke yi duk shekara ita ma gasa ce, kuma kowa ya san yadda take sa yara tilawa.

Inda nake jan hankali biyu ne. Kada kuɗi na gaske su shiga, ko naira goma ce, don daga nan an shiga caca. Sannan ɗan lido, akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsanani a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun sa duk wasan da ake jefa ɗan lido a ƙarƙashinsa. In akwai wata hanya, a bi ta.

Hauwa_Kididdiga:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta same ni kai tsaye. Ina koyar da lissafin yiwuwa, kuma littattafanmu cike suke da misalin ɗan lido biyu. Shekarar farko da na kawo su aji wasu ɗalibai suka ƙi taɓawa, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu marafen kwalba nake amfani da su. Jaka biyu, kowace da marfi shida masu lamba 1 zuwa 6, a zaro ɗaya daga kowace a haɗa. Kafin a fara kowane rukuni ya zaɓi jimillar da yake ganin za ta fi fitowa. Da yawa sukan zaɓi 12 don ita ce babba. Bayan zara ɗari biyu sai su ga 7 ta yi gaba, sannan mu zauna mu ƙirga: hanya shida ce cikin 36 take ba da 7, hanya ɗaya tak take ba da 12. Lissafin bai canza ba, kuma ba wanda zuciyarsa ta yi nauyi.

Ustaz_Bakaro:
Madalla Malama. Allah ya saka da alheri.

Dattijon_Kobi:
Na karanta duka. Bari in ba ku labarin da ya sa nake taka-tsantsan. Wasan nan Monopoly da yaranmu na birni suke yi, asalinsa wata mata ce a Amurka, Elizabeth Magie, ta yi masa rajista a 1904 don ta koya wa mutane illar mutum ɗaya ya mallake filaye yana tatsar 'yan haya. Da kamfani ya fara sayar da shi a 1935, me ya rage? Yau duk wanda ya buga shi abin da yake koya shi ne daɗin tsiyata abokinsa. Darasin ya juye gaba ɗaya. To wa ya ce maka yaron da ya sayar a ɓoye a kan 1,200 bai fita da darasin cewa karya doka ita ce dabara ba?

Malam_Tattali:
Baba, wannan tambayar ta tsaya mini. Gaskiya ranar lokaci ya ƙure, minti goma kawai muka samu bayan wasan, kuma yawancinsa ni na yi magana. Ban tambayi yaran nan biyu me ya sa suka yi ba, ban tambayi waɗanda suka rasa masara yadda suka ji ba.

Maman_Haidar:
To ai nan ne aikin yake, Malam. Ni malamar jinya ce. Mu ba ma jayayya a kan wannan don ba za ka bar ɗaliba ta fara koyon farfaɗo da numfashi a kan mutum mai rai ba. Mutum-mutumin da ake danna wa ƙirji, wanda aka fara fitarwa a 1960, wani mai ƙera kayan wasan yara ne a Norway, Asmund Laerdal, ya yi shi. A kansa suke koyon danna talatin, hura biyu, da saurin 100 zuwa 120 a minti. Muna kuma shirya musu yanayi: ga mai jego jini ya ɓalle mata, ke ce a bakin aiki, ga 'yar'uwarki, ga dangi suna kuka a ƙofa, agogo yana tafiya. Minti goma ake yi. Amma zaman da muke yi bayansa yakan kai minti talatin. Me kika gani da farko? Me ya sa kika tafi neman ƙarin ruwa kafin ki murza mahaifa? Wa kika kira, yaushe? Na taɓa tsallake wannan zaman saboda sauri, mako na gaba suka maimaita kuskuren nan ɗaya ba ragi. Tun daga ranar, in lokaci bai isa a yi bita ba, gara kada a fara.

Kuma Baba, ba lallashi ba ne. Na ga ɗalibar da ta fito daga wannan ɗakin tana hawaye don mutum-mutumi ya "mutu" a hannunta. Gara ta yi kukan a nan.

Lauya_Gobe:
Amma Mama wannan wasa ne ko atisaye? Mu ma muna da kotun gwaji, da alƙali da lauyoyi da shaidu, har gasa ake zuwa tsakanin jami'o'i, ba wanda ya taɓa cewa firamare ce. Ina ganin kalmar ce matsalar. Da Malam ya ce wa babban nasu "gwajin kasuwa" muke yi, da ba a kira shi gefe ba.

Dan_Yalwa92:
Haka ne. Sojoji ma da suke jera runduna a kan taswira suna gwabzawa a tebur, tun 1824 rundunar Furushiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, ta karɓi wannan a matsayin horon hafsoshi, kuma su da kansu wasan yaƙi suka sa masa suna.

Yar_Azare:
Ina da tambaya ga Malam_Tattali, kuma ba da wata manufa ba. Cikin katuna sittin ɗin nan, nawa mata suka riƙe? Kuma da aka ce ga kasuwa nan, su wa suka cika tsakiyar aji? Na san irin ajinmu. In aka ce a tashi a cakuɗa, maza ne za su yi ta ɗaga murya, mu mu koma jikin bango, wasunmu matan aure ne ba za su shiga turmutsitsi ba. Akwai kuma ɗan ajinmu mai keken guragu, duk abin da aka ce tashi ka zagaya an cire shi. Ustaz ya kawo labarin ɗan Umar da ya san amsa kunya ta hana shi. Irinsa suna da yawa a kowane aji.

Malam_Tattali:
Ƙanwata, mata goma sha huɗu ne suka karɓi kati, kuma da na koma kan takardar cinikin, biyar daga cikinsu ba su yi ciniki ko ɗaya ba duk da katinsu mai kyau ne. Ban lura ba sai yanzu. Na gode. Tsarin Vernon Smith da Malama Hauwa ta ambata ma zai magance wannan: kowa yana zaune a wurinsa, mai tayi ya ɗaga hannu a rubuta a allo, mai sallamawa ya ɗaga hannu. Hayaniyar ma za ta ragu.

Dattijon_Kobi:
Tunda ana ta ambaton Harvard da Norway, ba wanda zai tuna da dara? Gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke wannan da dutse. Tun wajen zubawa ake cin mutum, don wanda bai hango motsi uku a gaba ba ya gama faɗuwa kafin a fara turawa. A gindin bishiya muka koyi haƙuri da hangen nesa, ba wanda ya ba mu maki.

Sadiq_Kod:
Baba kun zo inda nake so. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, kuma aikin kammalawata a kan dara nake yi. Ina koya wa kwamfuta ta buga, ta hanyar lissafa duk motsin da zan iya yi, da duk amsar da abokin karawa zai iya bayarwa, ta zaɓi wanda mafi munin sakamakonsa ya fi sauƙi. A littafi da chess ake misali, ban taɓa gane shi sosai ba sai da na zauna da tsofaffin unguwarmu. Matsalata ɗaya, dokoki sun bambanta. Wasu sun ce in ka jera huɗu ba ci, wasu sun ce a wajen zubawa ne kawai aka hana jera uku. Wanne zan bi?

Dattijon_Kobi:
Duka biyun gaskiya ne, ba sa karo da juna. Wajen zubawa ba a jera uku. Wajen turawa uku ne ci, huɗu ba ci ba ne. Haka muka taso muka gani. Ka zo da na'urar taka mu gwada ta.

Abu_Sadiq_Gombe:
Ka ga Baba ma ya shigo wasan.

Dattijon_Kobi:
Ban taɓa cewa wasa ba ya koyarwa ba, Alhaji. Cewa na yi a nuna mini abin da ya koyar. Dara tana koyar da dara da haƙuri. Ba ta koyar da babin da Malam ya bari a baya.

Malama_Gandu:
Na makara amma bari in sa baki, daga Gombe nake, ina koyar da kula da albarkatun ƙasa. Nawa wasan da gyaɗa ake yi. Rukuni na mutum biyar, faranti da ƙwayar gyaɗa ashirin, na ce wannan dam ɗin Dadin Kowa ne, gyaɗar kifi ce, ku masunta ne. Kowane zagaye kowa ya ɗebi yadda yake so, abin da ya rage zan ninka shi, amma ba zai wuce ashirin ba. Ba magana. Yawancin faranti zagaye ɗaya ko biyu suke yi su zama wayam. Sai in sake cikawa in ce yanzu ku yi shawara. Nan ake ganin abin mamaki. Wasu su yanka wa kowa biyu, wasu su sa tara, wani rukuni har Sarkin Ruwa suka naɗa ba tare da na ambata ba. Daga nan nake shigo da Garrett Hardin da maƙalarsa ta 1968 da ta ce abin da kowa ya mallaka ƙarshensa lalacewa, da Elinor Ostrom da ta nuna al'ummomi da yawa sun tsare nasu da dokokin da suka yi wa kansu, har ta zama mace ta farko da ta ci Nobel na tattalin arziki a 2009. Yaran da suka fito daga garuruwan masunta da makiyaya su suke karɓe bayanin daga hannuna, su kawo maganar burtali da makiyaya da lokacin da ake hana kamun kifi.

Game da zama a baya da mako ɗaya: sau biyu kawai nake yi a zango, a kan abubuwan da na san baki ba ya isar da su. Sauran lakca ce. Kuma a jarrabawa akwai tambaya ɗaya da ba mai amsa ta sai wanda ya fahimci farantin.

Ummi_Aji3:
Malama, in haka ne mun yarda. Tambaya ɗayar nan ita za ta sa kowa ya zo.

Injiniya_Sabo:
Malam_Tattali, ka shirya wa abu ɗaya. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ajin fiziks a Harvard, waɗanda aka sa su aiki a aji sun fi cin gwajin, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi jin sun koya a lakca mai daɗin saurare. Don haka ko ɗalibanka wasu za su yi ƙorafi. Kuma sabon tsarin manhajar da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, akwai ƙofar da za a shigar da irin wannan a rubuce, a daina yin sa kamar abin sata.

Maman_Haidar:
Ka gayyaci babban naku ya zo ya zauna, amma ka gayyace shi zaman bitar, ba lokacin cinikin ba.

Malam_Tattali:
Na gode muku duka. Ranar Talata zan koma kan kasuwar nan, ba sabon wasa, bita kawai, in fara da yaran nan biyu da matan nan biyar. Zan je in gaida babban namu in roƙe shi ya shigo. Babin da na bari kuma sai mun nemi wata Asabar. Malama_Gandu, in faranti ya ƙare a zagayen farko, kina barin su zaune suna kallon sauran ne ko kina sake cika musu nan take?

Malama_Gandu:
Ina barin su zaune har sauran su gama. Wannan zaman yana cikin darasin.

Dattijon_Kobi:
Ni dai ina nan a kan bakata sai na ga takardun jarrabawa. Ka raba su biyu in ka gama maki, waɗanda suka riƙe kati da waɗanda suka zauna suna rubutu, ka dawo nan ka gaya mana. Sadiq, ranar Juma'a bayan la'asar muke zama.

Sadiq_Kod:
In sha Allahu Baba. Zan zo da cajin da zai kai magariba.